Wakilin Yaƙi Yana Da Tikitin Komawa Gida, Tafintansa Fa?

A farkon watan Maris na 2007 mayaƙan Taliban suka tare wata mota a lardin Helmand, kudancin Afganistan. Mutum uku ne a cikinta: Daniele Mastrogiacomo, wakilin jaridar La Repubblica ta Italiya, da tafintansa Ajmal Naqshbandi, da direbansu Sayed Agha. Direban suka fara yankawa, Baturen yana kallo. Nan fa Italiya ta ɗau zafi. Hoton wakilin ya cika jaridu, gwamnatin Romano Prodi ta yi ta matsa wa Shugaba Hamid Karzai lamba har ya saki fursunonin Taliban biyar da ke hannunsa. Mako biyu da kama shi, Mastrogiacomo ya sauka a birnin Rum ana rungumarsa. Da farko an zaci tare da Ajmal aka sako su, ashe shi yana can a ɗaure. Taliban suka ce a ƙaro musu wasu fursunonin, gwamnatin Kabul ta ce ta rufe wannan ciniki. Ranar 8 ga Afrilu suka yanka shi.

Ban ga laifin Mastrogiacomo ba. Ba shi ya zaɓi wanda za a fansa ba, kuma duk wanda ya yi mako biyu a ɗaure yana jiran wuƙa zai fita ta kowace ƙofa aka buɗe masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin. Mota ɗaya suka shiga, labari ɗaya suka fita nema, mutane ɗaya suka kama su. Abin da ya raba makomarsu shi ne fasfon da ke aljihun ɗayansu, da ƙasar da ke tsaye bayan fasfon.

In aka samu tsohon wakilin yaƙi ana hira da shi, tambayoyin ba sa wuce na jarumta: sau nawa harsashi ya kuskure ka, wane shugaba ka gani ranar da aka hamɓarar da shi, yaya ka ji da ka fara ganin gawa. Ni kuwa a ganina abu ɗaya ne ya bambanta wakilin ƙasar waje da duk wanda ke tsaye kusa da shi a fagen daga, wato yana da tikitin komawa gida. Soja ba ya tafiya sai an ba shi izini, matar da ke gudu da goyo ba ta da inda za ta, ɗan jaridar garin kuwa nan ne gidan ubansa. Wannan tikiti shi ne abin kunyar sana'ar, kuma saboda shi ne har gobe ba za a iya yin watsi da ita ba.

Wakili ya sauka a filin jirgi da rigar sulke da hular kwano da wayar tauraron ɗan'adam. Bai ji yaren garin ba, bai san wace unguwa ce ta su wa ba, bai san cewa sunan mahaifin mutum kaɗai ya isa a harbe shi a shinge na gaba ba. To wa ke sanar da shi? Wani ɗan gari ne da ya iya Turanci, galibi malamin makaranta ko ɗalibin jami'a ko ɗan jaridar da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Shi zai samo mota da direban da ya san hanyar bayan gari. Shi ke da lambar kwamandan 'yan tawaye, shi ya san matar da aka kashe wa 'ya'ya, kuma shi zai zauna ya lallashe ta har ta yarda ta buɗe baki. In an iso shingen bincike, yaro ɗan shekara sha biyar ya leƙo ta taga da bindiga idanunsa jajur, direban ne ke karanta fuskarsa nan take ya gane ko sigari za a miƙa masa, ko da wasa za a ja shi, ko kuwa kowa ya yi shiru ya ɗora hannu a gwiwa. In wakili ya jefa wa mai bindiga tambayar da za ta harzuƙa shi, tafinta ne ke rage mata kaifi kafin ta isa kunne, wani lokaci ma wakilin bai san an yi ba. Da yamma a koma otal, wakili ya rubuta labari da sunansa a sama, bayan kwana goma ya hau jirgi. Labari ya fito, kwamanda ya ji bai yi masa daɗi ba, kuma ya san gidan da tafintan ke kwana, ya san makarantar da 'ya'yansa ke zuwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ba a kan Ajmal aka fara ba, ba a kansa aka ƙare ba. A watan Satumban 2009 Taliban suka kama Stephen Farrell na jaridar New York Times da abokin aikinsa Sultan Munadi kusa da Kunduz. Sojojin kundumbala na Birtaniya suka kai samame, Farrell ya tsira, Munadi da wani sojan Birtaniya suka mutu a musayar wuta, aka tashi aka bar gawar Munadi a wurin. 'Yan jaridar Afganistan sun daɗe ba su huce ba. Tun a 1975 ma, ranar da mayaƙan Khmer Rouge suka shiga Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ɗan ƙasar Dith Pran ne ya yi ta roƙo da magiya har ya ceci ran abokin aikinsa Sydney Schanberg, wakilin New York Times, daga hannun masu bindiga. Aka kwashe baƙi daga ofishin jakadancin Faransa zuwa Thailand, aka kori 'yan Kambodiya waje, Pran ya shekara huɗu cikin yunwa da aikin bauta kafin ya tsere a 1979. A yi wa Schanberg adalci, bai daina cigiyarsa ba, kuma da ya karɓi lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer a 1976 da sunan su biyu ya karɓa. Sai dai irinsa ba su da yawa.

Kada wani ya ɗauka ina rage wa wakilan kansu daraja. Akwai waɗanda tikitin yana aljihunsu suka ƙi taɓa shi. Marie Colvin, Ba'amurkiyar da ta yi wa jaridar Sunday Times ta Landan aiki tun tsakiyar shekarun 1980, tana cikinsu. A 1999, da 'yan banga masu goyon bayan Indonesiya suka kewaye harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a Dili ta Timor ta Gabas, aka kwashe 'yan jarida, ita da wasu mata biyu 'yan Holan suka ƙi tafiya. Ta zauna da mata da yara kusan 1,500 da suka fake a wurin, tana aika rahoto, har aka fitar da su. A 2001 a Sri Lanka, tana fitowa daga yankin 'yan tawayen Tamil, ɓarɓashin gurneti ya tsiyaye mata idon hagu, daga nan ta riƙa ɗaura baƙin ƙyalle a kansa.

A Fabrairun 2012 ta shiga unguwar Baba Amr ta birnin Homs na Siriya, wadda sojojin Bashar al-Assad suka yi wa ƙawanya, ta cikin wani dogon ramin magudanar ruwa da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa. Ta fita ta aika labarinta, sannan ta sake komawa, duk da cewa abokin tafiyarta mai ɗaukar hoto Paul Conroy jikinsa bai ba shi ba. Ranar 21 ga wata ta yi magana kai tsaye da BBC da CNN da Channel 4, ta bayyana yadda wani jariri ya cika a gaban idonta a wani ɗan asibitin wucin gadi, ta kuma ƙaryata gwamnati da ke cewa 'yan ta'adda kawai take harbi. Washegari da safe rokoki suka fara sauka a kan gidan da 'yan jarida ke ciki. An ruwaito cewa takalmanta ta je ɗaukowa a bakin ƙofa, inda kowa ya cire nasa kamar yadda ake yi a gidajen Siriya, roka ta faɗo. Ta mutu tare da Rémi Ochlik, matashi ɗan Faransa mai ɗaukar hoto.

Ko a wannan labari akwai waɗanda ba a cika ambata ba. Kwana ɗaya kafin mutuwarta aka kashe Rami al-Sayed, ɗan unguwar, wanda bidiyoyinsa tashoshin duniya suka yi ta nunawa. Tafintanta Wael al-Omar ya ji rauni. Da aka zo fitar da Conroy zuwa Lebanon, ƙungiyar Avaaz da ta sa hannu a shirin ta ce 'yan Siriya 13 ne suka rasa ransu a hanya. Mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko ɗaya daga cikinsu?

Wanda ya dawo da ransa ma ba lallai ya dawo da lafiyarsa ba. Anthony Feinstein, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Toronto, ya bincika 'yan jaridar yaƙi 140, ya wallafa a 2002 cewa kusan kashi 29 cikin 100 sun taɓa fama da ciwon firgicin nan da ke bin wanda ya ga tashin hankali, adadin da ya yi kusa da na sojojin da suka dawo daga yaƙi. Fergal Keane na BBC, wanda ya ga Ruwanda da idonsa a 1994, ya ajiye muƙamin editan Afirka a 2020 saboda wannan ciwo. Kuɗin da ake zaton suna kwasa kuma rijiyarsa ta daɗe da ja baya. Manyan jaridu sun rufe ofisoshinsu da yawa na ƙasashen waje, sun koma sayen labari a hannun matasa masu cin gashin kansu, babu albashi babu inshora. James Foley, wanda 'yan IS suka yanka a watan Agustan 2014, irinsu ne. Francesca Borri 'yar Italiya ta rubuta a 2013 cewa dala 70 ake biyanta kan kowane labari da ta aiko daga Siriya. In wakiliyar kanta dala 70 take samu, nawa za ta ba direba?

Sai ƙorafin da na fi ji a bakin mutanenmu, a majalisar mai shayi da kuma Facebook: Turawan nan ba don Allah suke yi ba, 'yan leƙen asiri ne, ba sa nuna Afirka sai da yunwa da ƙuda. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, fiye da yadda masu kare su ke son amsawa. Frederick Forsyth, wanda ya zo Najeriya a matsayin wakilin BBC lokacin yaƙin basasa ya kuma ƙare a ɓangaren Biyafara, da bakinsa ya faɗa a 2015 cewa ya yi wa hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6 aiki sama da shekara ashirin, tun daga wancan zamanin. Kafin mamayar Iraƙi a 2003 manyan jaridun Amurka sun haɗiye labarin makaman ƙare dangi ba tare da taunawa ba, har New York Times ta fito a watan Mayun 2004 ta gaya wa masu karatunta cewa ba ta yi bincike yadda ya kamata ba. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe, Bagadaza tana ci da wuta. A Afrilun 1994, ana yanka mutane a Ruwanda, kisan da ya ci rai kusan 800,000 cikin kwana ɗari, tarin 'yan jaridar duniya suna Afirka ta Kudu suna jiran zaɓen Nelson Mandela. Sannan a Fabrairun 2022 Charlie D'Agata na tashar CBS ya tsaya a Kyiv, babban birnin Ukraine, ya ce ai nan ba kamar Iraƙi ko Afganistan ba ne, gari ne mai wayewa, na Turai, ba inda ake zaton yaƙi ba. Ya nemi afuwa daga baya, amma abin da ke cikin zuciya ya riga ya fito.

Shi ya sa da sojojin Mali suka rufe RFI da France 24 a Maris ɗin 2022, Burkina Faso ta bi sahu har ta kori wakilan jaridun Le Monde da Libération a Afrilun 2023, Nijar ta rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, mutane da yawa suka yi tafi suna cewa Allah shi ƙara. Na fahimci tafin. Wanda ya san abin da Faransa ta shuka a Sahel shekara da shekaru ba zai zubar wa rediyon gwamnatinta hawaye ba. Amma ina so a dubi abin da ke jawo rufewar. Sau da yawa gawa ce ake jayayya a kanta. A Mali rahotannin zargin sojoji da kashe fararen hula ne. A Burkina Faso an dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilun 2024 saboda sun ɗauki rahoton ƙungiyar Human Rights Watch da ya ce sojoji sun kashe mutum 223, ciki har da yara aƙalla 56, a ƙauyukan Nondin da Soro. A Nijar an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024 kan adadin sojojin da ta ce an kashe a wani hari a yankin Tillabéri, adadin da gwamnati ta musanta. Wa ya yi asara a wannan karon? Ba wani Bature a Landan ba. Mai sauraron Sashen Hausa ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanda tun kakanninsa ake kama wannan tasha, sashen da ya fara watsa shiri a 1957.

Kuma in baƙo ya tafi ba a cewa an gama, kan ɗan gida ake juyowa. A ƙarshen Satumban 2023 aka ɗauke Samira Sabou a Yamai, aka yi kwanaki ba a san inda take ba. A Afrilun 2024 aka tsare Idrissa Soumana Maïga, editan jaridar L'Enquêteur. A Burkina Faso, a Maris ɗin 2025, aka kama Guézouma Sanogo da Boukari Ouoba, shugabannin ƙungiyar 'yan jaridar ƙasar, bayan sun koka kan matsin da ake yi wa aikinsu. Da aka sake ganinsu, a bidiyo ne, sanye da kakin soja, an tura su fagen daga dole. Kada kuma a ce halin masu kaki ne kaɗai. A zamanin mulkin farar hula na Mamadou Tandja aka ɗaure Moussa Kaka, wakilin RFI a Yamai, daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008, saboda yana magana da 'yan tawayen Abzinawa na MNJ, abin da shi ne aikinsa. A Najeriya kuma, a Agustan 2022, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar tashar Trust TV naira miliyan biyar kan shirinta na 'yan bindigar daji, ta ci tarar kamfanonin da suka nuna irin wannan shiri na BBC. Ba 'yan bindigar aka hukunta ba, masu nuna su aka hukunta.

Duk mai son ganin yadda yaƙi yake in babu baƙon ido, ya dubi Gaza. Tun Oktoban 2023 Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga da ƙafarsu, sai dai cikin rakiyar sojojinta, su nuna maka abin da suka ga dama su dawo da kai. Duk nauyin ya koma kan Falasɗinawa, masu ɗaukar rahoto da safe su nemi garin burodi da yamma. Wael al-Dahdouh, shugaban ofishin Aljazeera a Gaza, yana bakin aiki aka gaya masa an kashe matarsa da ɗansa da 'yarsa da jikansa. A Disambar 2023 aka kashe mai ɗaukar masa hoto Samer Abu Daqqa, a Janairun 2024 aka kashe babban ɗansa Hamza, shi ma ɗan jarida. Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ ya ƙirga 'yan jarida da ma'aikatan kafofin labarai aƙalla 124 da aka kashe a duniya a 2024, mafi yawa da ya taɓa ƙirgawa zuwa wannan shekarar, 85 daga cikinsu a hannun sojojin Isra'ila. Ranar 10 ga Agustan 2025 aka kashe Anas al-Sharif da abokan aikinsa a tantinsu da ke bakin asibitin Al-Shifa. Isra'ila ta ce ɗan Hamas ne, Aljazeera da masu kare 'yan jarida suka ce ba ta kawo gamsasshiyar hujja ba. Mako biyu bayan haka, a asibitin Nasser, aka kashe wasu biyar, ciki har da Mariam Dagga mai aika wa AP hotuna da Hussam al-Masri mai yi wa Reuters aiki.

Waɗannan mutane sun yi aikin da babu wani baƙo da zai fi su iyawa. Amma sai aka haɗa musu biyu, a kashe su, sannan a ce ai ba a yarda da shaidarsu ba tun da 'yan gida ne, suna da ɓangare. Nan ne amfanin baƙo yake, kuma amfani ne mai ɗaci. Baƙo bai fi ɗan gari gaskiya ba, sau tari ma bai kai shi sanin abin da ake ciki ba. Abin da yake da shi shi ne, kashe shi yana da tsada. Iyalin Colvin sun kai gwamnatin Siriya ƙara a Washington, a 2019 kotu ta ce da gangan aka bi sawun siginar wayarsu aka harba, ta yanke diyyar sama da dala miliyan 300. Ko ba a biya ba, ya shiga kundin shari'a. Baƙo kuma yana iya buga labari ya kwanta ya yi barci, ya zo daga baya ya tsaya gaban alƙali, kamar yadda Ed Vulliamy na jaridar Guardian, wanda ya shiga sansanin tsare fursunoni na Omarska a Bosniya a Agustan 1992, ya je kotun Hague ya ba da shaida. Abin da ya fi ciwo, a manyan biranen da ake yanke hukuncin tura makamai ko hana su, maganarsa ake ji. Wannan rashin adalci ne tsagwaronsa. Amma gwamnatin da ta toshe ƙofa ba don ta gyara wannan rashin adalci ta toshe ba, ta san abin da ba ta so a gani.

Ba dole ba ne ma baƙon ya zama farar fata. Nima Elbagir 'yar Sudan ce, ita ta shiga Libiya da ɓoyayyar kyamara a 2017 ta nuna wa duniya ta CNN yadda ake gwanjon 'yan ci-rani baƙaƙe a kan dala 400. Kafin wata ya zagayo maganar ta mamaye taron Tarayyar Afirka da Tarayyar Turai a Abidjan, aka ƙara ƙaimin kwaso 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma da suka maƙale a can. Hotunan yunwar Habasha da suka girgiza duniya a Oktoban 1984, muryar Michael Buerk ce a kansu, amma Mohamed Amin haifaffen Nairobi ne ya ɗauke su a Korem. Wa Lone da Kyaw Soe Oo kuwa 'yan gida ne a Myanmar, suka tono kisan Musulmin Rohingya goma a ƙauyen Inn Din, aka yanke musu shekara bakwai. Sun fito a Mayun 2019 bayan kwana sama da 500, domin Reuters ta tsaya musu da lauyoyi da surutu har duniya ta ƙi mantawa da su. Ke nan kariyar da fasfo ke bayarwa, babban gidan jarida yana iya ara wa ɗan gari ita in ya so.

Mu fa, ina namu wakilan? An taɓa yi. A 1990 Krees Imodibe na jaridar Guardian ta Legas da Tayo Awotunsin na Champion suna Monrovia suna aiko labarin yaƙin Laberiya, suka faɗa hannun mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor a lokacin da suke farautar 'yan Najeriya saboda zuwan ECOMOG, dakarun ƙungiyar ECOWAS, ba su dawo ba. Yau ɗalibin aikin jarida a Kano ko Zariya zai fi saurin kawo sunan Christiane Amanpour ta CNN a kan nasu. A Yulin 2022 aka yi rikici a jihar Blue Nile ta Sudan tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, sama da mutum ɗari suka mutu, Hausawa suka yi zanga-zanga har Kassala da Khartoum. Galibin abin da muka karanta fassarar labaran kamfanonin dillancin labarai na Turai ne, waɗanda sai sun tsaya sun yi wa masu karatunsu bayanin su wane ne Hausawa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu suka maƙale a iyakar Masar, ta bidiyon WhatsApp iyaye suka riƙa sanin halin da 'ya'yansu ke ciki. Muna da attajiran da ke kafa gidajen rediyo da talabijin don zaɓe, amma kuɗin jirgi da inshorar mutum ɗaya da ya iya Larabci ya je Port Sudan ya yi wata guda ya gagara. Wanda bai tura nasa idon ba, ban ga bakinsa na kukan cewa idon wani yana da tsiya ba.

Abin da nake nema daga manyan kafofin waje ba mai wuya ba ne, kuma sun nuna suna iyawa. Da Kabul ta faɗi a Agustan 2021, New York Times ta fitar da ma'aikatanta 'yan Afganistan da iyalansu ta Qatar har Meziko. Asusun tunawa da Kurt Schork, wakilin Reuters da aka kashe a Saliyo a shekarar 2000, tun 2017 yake ba da lambar yabo ta musamman ga irin waɗannan 'yan gari masu yi wa wakilai jagora. To a mayar da shi ƙa'ida, ba sai ranar tashin hankali ba. Rigar sulken da aka saya wa wakili a saya wa direba. Inshorar da ta rufe wannan ta rufe wancan. In an kama su tare a yi cinikin fansarsu tare, kada a sa hannu a kan rabin yarjejeniya.

Kafin mu nuna wa Turawa yatsa kuma, mu dubi yadda jaridu da tashoshin Legas da Abuja suke yi da yaron da ke aiko musu hoto daga Zurmi ko Birnin Gwari ko Gwoza. Babban wakili ya zo daga hedikwata da motar ofis, ya yi yini ɗaya, ya koma kafin magariba, ya bar yaron da kuɗin kati da maƙwabtan da suka ga wanda ya raka shi gidan mai unguwa. A biya shi kuɗin aikinsa, a sa sunansa in ya yarda, a ɓoye in ya roƙa, in kuma labarin mai zafi ne a samo masa ɗaki a wani gari kafin a buga.